Akwatin da Yaya Ta Ara wa Murya

Yaya ba ta kallon idon mutum idan yana mata magana. Bakinsa take kallo, da maƙogwaronsa, da yadda kafaɗarsa ke ɗagawa kafin kalma ta fito. Baƙo yakan tsargu, ya kai hannu ya shafi haɓarsa ko wani abu ne ya maƙale. Mutanen layin kuwa sun saba. Sun san a wurin ƙaninta ta koyi wannan kallo tun suna yara, har ya zame mata jiki.

Ƙanin shi ne Auta. Gemunsa ya yi furfura, amma Auta yake har yanzu, don daga shi uwarsu ba ta sake haihuwa ba. Wani zazzaɓi ne ya kama shi yana rarrafe. Da ya tashi sakinsa, sai ya tafi da harshensa, ya bar masa nauyi a ƙafar hagu. Yana ji sarai, har ya fi wasu masu magana ji. Maganar ma tana nan a kansa, a jere, ba abin da ya rage ta. Sai ta zo fita ta narke, ta koma wani gurnani mai hawa da sauka, wanda mutum ɗaya tak a duniya ke iya tsince kalmomi a cikinsa. Ba a sa shi makaranta ba. Ubansu ya ce ai ga yayarsa nan, me zai nema a can da ba za ta faɗa masa ba? Da haka aka rufe zancen. Shi bai iya karatu ba, ita kuma ta zama bakinsa tun tana famfara. Da ta yi aure, da shi ta tare. Mijin ya yi ƙorafinsa ya gaji, daga baya ya rasu ya bar ta da ɗa ɗaya, da Auta.

Shagonsu a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, ɗan tsukuku, rufinsa a karkace, dogon mutum sai ya sunkuya idan zai kai ƙurya. A bakin ƙofa Auta ya kafa injin yanka makulli. Hannunsa yana rawa idan ya ɗauki kofi, amma da ya dafa inji sai ya tsaya cak, ba wanda ya san dalili. Sabbin makullan da ba a fitar musu da haƙora ba suna rataye a ƙusoshi, garin ƙarfe mai ruwan zinariya ya cika tsagar teburin da ƙasan farcensa. Yaya tana daga ciki da keken ɗinki, tana sa zif, tana rage wando, tana facin gwiwa. Daga inda take zaune ba ta ganin titi. Gefen fuskar Auta take gani, kuma ya ishe ta.

Ga yadda aikin yake tafiya. Wani ya kawo kwaɗo, ya ce makullin da aka yanka masa jiya ya ƙi buɗewa. Auta ya juya kwaɗon, ya leƙa raminsa, ya yi gurnani mai tsawo. Abin da ya ce shi ne, “Kwaɗon na banza ne tun asali, kuma kai ka cusa masa ƙusa, ga shaida nan. Je ka yi wa wani ƙarya.”

Daga ciki, keken bai ko tsaya ba, Yaya ta ce, “Ya ce ka yi haƙuri, kwaɗon ne ya ɗan gaji. Bari ya sa masa mai.”

Mutumin ya leƙa ciki ya gode mata. Kullum ita ake gode wa.

Mai aski na shagon kusa, wanda ba ya barin zance ya wuce ta ƙofarsa bai yi masa gyaran fuska ba, ya leƙo da almakashi a hannu. Shi Injiniya yake ce wa Auta. “Yaya, ni fa ina da shakka. Injiniya ya yi magana mai tsawon layin nan, ke kin ba mu kamu ɗaya. Ina sauran yadin?”

“Rage masa na yi,” in ji Yaya. “Ba sana'ata ba ce?”

A layin an san Auta da sanyin hali, mutumin da bai taɓa gaya wa kowa baƙar magana ba. Shi kaɗai ya san yawan wadda ya faɗa.

Tarin ya fara kamar na kowa. Yaya ta ce ƙurar zare ce. Sai ta fara tsayawa a tsakiyar zance tana neman numfashi, masu kawo aiki suna jira, Auta yana jira. Wata rana ta je asibiti ita kaɗai, ta dawo ta zauna gaban keken ba ta yaye masa rufi ba. Auta ya tambaya. Ta ce sanyi ne. Bai sake tambaya ba. Ya dai ga ta rage rigarta, ba a daɗe ba ya ga ta sake ragewa.

Ɗanta direban babbar mota ne a wani gari mai nisa, kowa Direba yake ce masa. Ya zo ya zauna a bencin shagon, gwiwarsa tana taɓa ta kawunsa, ya yi magana ta saman kansa.

“Mama, in dai abin da likita ya faɗa ne, Kawu sai ya taho wurina. Akwai ɗaki a bayan gida, kusa da tankin ruwa. Ba abin da zai nema ya rasa.”

“Shagon fa?”

“Wa zai yi masa magana a shagon?” Ya juyo ya ɗaga murya kamar mai kiran wani a tsallaken titi. “Kawu! Za ka zo gidana! Ka huta!”

Yaron yana da kirki. Auta ne ya goya shi a kafaɗa yana ƙarami, da ƙafar nan tasa mai ja. Amma bai taɓa gane kalma ɗaya daga bakin kawunsa ba, don bai taɓa buƙata ba. Auta ya ce, “Ni ba buhu ba ne da za ka loda ka sauke. Kuma kunnena ƙalau yake.”

Direba ya dubi uwarsa. Yaya ta daɗe tana kallon zaren da ke hannunta.

“Ya ce zai yi tunani.”

Tunanin kuwa ya yi shi. Ya ga ɗakin kamar ya taɓa shiga: tanki yana ɗiga, yara suna leƙe suna gudu, a ajiye masa kwano a bakin ƙofa, a zo a ɗauke. Ba duka ba zagi. Ba kuma wanda zai sake tambayarsa komai, har shi ma ya daina shirya amsa a kansa.

Bayan tafiyar Direba, Yaya ta ce masa ya sa rigarsa mai kyau. Ta kai shi asibitin da take zuwa, amma ba ɓangarenta ba, wani ɗaki can ƙarshen baranda, mai madubi babba da kujerun yara. Malamar koyar da magana ce a wurin, mace mai gilashi, ba ta gaggawa. Abin da Auta ya fara lura da shi, da ta yi tambaya shi ta kalla. Da Yaya ta buɗe baki za ta amsa, Malama ta ɗaga mata hannu a hankali. Yaya ta rufe bakin, ta rasa inda za ta sa idonta.

Malama ta gwada shi da hotuna, ta gwada yatsunsa, sannan ta ɗauko wani akwati mai faɗi kamar faranti, an raba fuskarsa gida-gida kamar kiret ɗin ƙwai. Kowane gida ana saƙala masa hoto. A bayansa akwai jan maɓalli: a riƙe shi, a taɓa gida, a yi magana, gidan ya haɗiye maganar. Daga nan duk sa'ad da aka danna, sai ya maido ta.

“Yawanci muryar namiji muke nema, tsaransa,” in ji Malama. “Don idan ya danna, a ji kamar shi ne. Akwai wanda za ku roƙa?”

Da suka koma shago, mai aski bai jira an roƙe shi ba. Ya wanke hannu, ya gyara murya, aka ce ya ce sannu da zuwa. Ya ce, “Barka da zuwa babban kamfanin Injiniya, inda ƙofa ba ta gardama, kwaɗo ba ya taurin kai, idan kuma gashinka ya yi yawa ga ƙofa ta gaba…” Gidan ya cika tun bai kai rabi ba. Yaya ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, aka kawo mata ruwa. Auta bai yi dariya ba. Ya janye akwatin ya tura shi gaban yayarsa.

“Kai Auta, ka yi hankali. Gardi da gemu yana magana da muryar tsohuwa? So kake yara su bi ka?”

Ya gaya mata abin da bai taɓa gaya mata ba, don bai san abin faɗa ba ne sai yau. Ya ce idan yana tunani, da muryarta yake yi. Ko zagin mutum yake yi a zuci, ita yake ji tana zagin. Bai san wata murya tasa ba. Idan aka zuba ta mai aski a akwatin nan, mai aski ne zai riƙa magana a shagon, shi kuma yana zaune a gefe kamar yadda ya saba.

Mai aski ya ce, “Me ya ce?”

“Ya ce muryarka ta yi kyau da yawa, ɓarayi za su sace,” in ji Yaya. Ta jawo akwatin.

Da sassafe suke ɗauka, kafin layin ya cika da ƙarar babura, ƙofar shago a janye rabi, fanka a kashe. Layin sama na akwatin bai ba su wahala ba. Sannu da zuwa. Makulli nawa za a yanka? Zauna ka jira. Dawo da yamma. Yaya tana faɗa, Auta yana dannawa su saurara, wani lokaci ta ce, “Kai, wannan kamar mai cigiya,” su goge su sake. Hotunan ita take yankowa daga tsofaffin kwalaye, wanda ba ta samu ba ta zana da alli na tela a kan ƙyalle.

A layi na biyu suka fara faɗa. Auta ya faɗi abin da yake so, Yaya ta riƙe jan maɓalli ta ce, “Don Allah a yi haƙuri, ba zai yiwu ba.” Ya goge. Ta sake, ta cire haƙurin ta bar don Allah. Ya goge.

“To me kake so na ce?”

“A'a.”

“A'a kawai? Tsirara haka?”

“A'a.”

Ta faɗa. Kalmar ta fito a takure, kamar wadda aka aika aiken da ba ta so. Ya sa ta sake har ta fito da ƙafarta. Sannan ya jero sauran. Da ni za ka yi magana. Ban gama ba, jira. Ina jin ka, daina ihu. Wannan kwaɗon na banza ne.

Yaya ta ajiye akwatin a cinyarta. “Tun yaushe kake tara waɗannan?”

Ya ɗauki magagari yana goge haƙoran wani makulli da ba ya buƙatar gogewa.

“Na zaci ina kare ka ne,” ta ce, ba da ƙarfi ba. Can kuma ta gyara zama. “To kawo. In zagi ne, yau za ka san ni ma 'yar gidanmu ce.” Ta faɗi na kwaɗon da irin muryar da uwarsu ke korar awaki, har mai aski ya leƙo ya ce wa ya taɓa Yaya da safen nan. A ranar sun yi dariya su biyu, irin wadda suka daɗe ba su yi ba. Auta ya danna gidan ya fi a ƙirga.

Aikin bai yi sauri ba. Akwai ranakun da ba ta iya fitowa, akwai waɗanda ta fito amma muryar ta ƙi. Suka koma ɗauka a gida, a ɗakinta, da hantsi, lokacin da ƙirjin yakan ɗan sake ta. Ba wanda ya yi niyyar haka, amma akwatin ya riƙe abin da ba a ba shi ajiya ba. Layin sama murya ce cikakkiya, ta macen da ke magana ta saman ƙarar keke. A na biyu akwai ɗan kaushi. A na uku ana jin numfashi kafin kowace kalma. Na ƙasa sai an kasa kunne. Ba ni da lafiya. Kira mini mai aski. Na gode. Idan mutum ya bi gidajen da yatsa daga sama zuwa ƙasa, zai ji abin da likita ya faɗa, ba sai an gaya masa ba. Auta ya yi haka sau ɗaya shi kaɗai a shago. Bai sake ba.

Saura gida ɗaya, na kusurwar ƙasa ta dama. Yaya tana jingine da matashi, ta ce a sa “sai an jima”, a rufe aiki. Auta ya girgiza kai. Ya daɗe yana juya abin a ransa. Mutanen layi za su sani da kansu. Amma akwai masu zuwa daga nesa, masu kawo wando shekara-shekara, waɗanda za su ji muryarta a bakin ƙofa su leƙa ciki. Za su tambaya. Idan ba shi da amsa, sai ya zauna yana nuna sama da yatsa kamar mahaukaci, ko ya ja ƙafa ya je ya kira wani ya faɗa a madadinsa. Wannan magana kuwa tasa ce. Duk duniya ba wanda ya fi shi haƙƙin faɗarta.

Ya faɗa mata a hankali, kalma uku.

Ya ga ta ji. Ya ga abin ya shiga ta idonta ya sauka. Ta juya kai wajen taga.

“Ban gane ba, Auta.”

Tun suna yara, a cikin zazzaɓi, a cikin kuka, da bakinsa cike da abinci, ba ta taɓa ce masa haka ba. Ya maimaita.

“Na ce ban gane ba. Bakinka ya yi nauyi yau. Je ka buɗe shago, rana ta yi.”

Ya tafi ya bar akwatin a gefen gadonta. Bai sake tayar da zancen ba, ita ma haka. Bayan 'yan kwanaki, ya dawo da yamma ya tarar da akwatin a kan tabarmarsa, an naɗe shi a ƙyalle. Gidan kusurwa ba hoto, amma an saƙala masa ɗan farin yanki, an daidaita gefensa da almakashi. Ya dube ta. Idonta a rufe yake, ko barci take ko ba barci ba. Bai danna ba.

Wata rana da tsakar rana Yaya ta cika, Direba yana riƙe da hannunta, Auta yana wajen ƙafafu.

Da aka share makoki, Direba ya sayo igiya da kwalaye. Ya ce zai ƙara 'yan kwanaki ya ga abin da za a ɗauka da wanda za a bar wa mai gidan bene. Auta bai yi gardama ba. Da safe ya sa rigarsa, ya rataya akwatin a wuya, ya ja ƙafa ya buɗe shago kamar kullum. Direba ya biyo shi ya zauna a benci, igiyar a hannunsa.

Mai aski ne ya fara leƙowa. Auta ya danna gidan farko. “Sannu da zuwa,” in ji Yaya, garau, kamar ba ta taɓa tari ba. Almakashin ya faɗi ƙasa. Mai aski ya duƙa ya ɗauka, ya daɗe a duƙe. Da ya miƙe ya ce, “Yawwa, Yay… yawwa, Injiniya,” ya koma shagonsa. Ranar ba a ji shi ya tsokani kowa ba.

Masu aiki suka zo jefi-jefi. Abin da Auta ya lura, ko waɗanda suka je jana'iza, idan akwatin ya yi magana sai su juya su ba ƙuryar shago amsa, inda keken yake a rufe da tsohon zane. Sai ya danna musu na layi na biyu: “Da ni za ka yi magana.” Su juyo a firgice, su kalli fuskarsa. Wasu a ranar suka fara sanin launin idonsa. Wata yarinya da aka aiko ta ajiye makulli ta ruga, sai uwarta ce ta zo karɓa.

Direba ya kasa zama ya kasa tashi. Can ya matso ya ɗaga murya. “Kawu! Injin nan! A ina ake kwance shi?”

“Ina jin ka,” in ji muryar uwarsa daga akwatin. “Daina ihu.”

Ya koma benci ya zauna a hankali, kamar yaron da aka tsawata wa a gaban baƙi.

Washegari da hantsi wata mata ta sauko daga mota a bakin layi, da jaka cike da kayan makarantar jikokinta. Daga wata unguwa mai nisa take zuwa, duk sa'ad da yara suka ƙara tsawo. Auta ya danna sannu da zuwa, don ba shi da wata gaisuwar.

“A'a, Yaya, jiki ya yi kyau ke nan!” Matar ta wuce shi ta sunkuya ta leƙa ƙurya. “Ai ran nan da na zo muryarki ba ta fita. Kina ina ne? Ga wandunan 'yan banzan nan, kullum sai tsawo kamar ana ja.” Ta ga keken a rufe. Ta juyo. “Ina ta shiga?”

Direba ya miƙe ya buɗe baki. Auta ya riga shi, ya danna akwatin. “Ban gama ba, jira.”

Yatsansa yana rawa a kan farin yankin. Wannan ba inji ba ne, hannun bai tsaya masa ba. Ya danna.

Da farko ba komai sai ƙarar ɗakinta: wani yana share tsakar gida, gado ya yi ƙara. Numfashi mai tsawo, mai kaushi. Sannan muryar, siririya, ta fi ta duk sauran gidajen ƙanƙanta.

“Yayata…”

Shiru. Tsintsiya tana ta tafiya a waje.

“Yayata ta…” Wani sauti, ba a san ko tari ba ne ko dariya. “Kai, Auta. Wannan aiki da ka ba ni. Bari na sha ruwa na sake.”

Gidan ya cika, ya yanke.

Matar ta sauke jakarta a ƙasa. Ta dubi akwatin, ta dubi Auta, ta zauna a bakin benci tana salati a hankali. Da ta gama ta ce, “Yaushe?” Shi ta tambaya. Ya ɗaga yatsu ya nuna mata kwanakin. Ta ce Allah ya ji ƙanta, ya ba shi haƙuri, ta faɗi sauran abin da ake faɗa, duka a fuskarsa. Ya danna na gode.

Direba ya fita ya tsaya a bakin titi, ya juya wa shagon baya. Ya daɗe a can. Da ya dawo ba igiya a hannunsa. Ya shiga wurin mai aski suka yi magana ƙasa-ƙasa, suka karɓi lambar wayar juna. Kafin ya kama hanya ya tsuguna gaban kawunsa, ya ce, da muryar da ake yi wa mutane magana, “Kawu, zan riƙa zuwa. In ka gaji, ɗakin yana nan. Ka gaji?”

“A'a,” in ji akwatin.

Shagon yana nan a ƙarƙashin matakala. An sayar da keken, amma ba a sa komai a wurinsa ba. Mutanen layi sun saba da muryar, sai dai baƙo yakan ɗan ja baya, kuma har yanzu akan samu wanda zai leƙa ƙurya.

Da Auta ya kai akwatin a sauya masa batir, Malama ta bi gidajen ɗaya-ɗaya tana gwadawa. Da ta zo na kusurwa ta saurara har ƙarshe, ta cire gilashinta ta goge. Ta ce idan yana so, ita za ta iya faɗa masa kalmomin a cike, ko a nemo wata mai murya kusa da wannan, abin ba ya ɗaukar lokaci. Sai dai gidan ba ya riƙe magana biyu. In aka zuba sabuwa, tsohuwar ta tafi.

Auta ya ɗora tafin hannunsa a kan gidan.

Malama ta ce, “Ai ba ta gama ba.”

Ya gyaɗa kai. Ya sani. Ta dai ce za ta sake.